Idona Ɗaya da Yaya Boksil

Laraba, 25 ga Satumba, da hantsi

An cire bandejin. Likita Mun ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne, na ce uku, kuma farcen na tsakiyar yana son yanka. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba, ina can ina kallon bango. Ashe fari ne. Shekara da shekaru ina ganin duniya kamar ta cikin ruwan shayi, na ɗauka haka tsufa yake.

Idon hagu ya mutu tun ɗana Yongho yana soja. Kumburin cikin ido suka kira abin, yana zuwa yana tafiya sai ka ce mai bin bashi, har ya cinye shi. Maganin da ya hana na dama bin ɗan'uwansa, shi ne kuma ya haifa masa yana. A gyara nan, can ya ɓalle. Sai da suka jira idon ya kwanta wata uku cur kafin su yarda su taɓa shi.

Yongho ne ya matsa in shiga binciken da likitocin suke yi. Wai akwai wata ƙwayar magani, ba ta kai tsabar gero ba, da ake ajiyewa cikin ido lokacin aikin, ta riƙa narkewa a hankali tana hana kumburi tashi. Rabin mutane an sa musu, rabi ba a sa ba, kuma daga mu har likitan da ke duba mu ba wanda ya san wane ne wane. Na ce wannan ai caca ce. Yongho ya ce ilimi ne. To, ilimi.

Dokoki kuwa kamar na gidan yari. Kada ruwa ya taɓa idon. Kada in sunkuya. Kada in ɗauki nauyi. Teku kuma sai bayan wata biyu. Matar da ta fara nutso tun kafin ta fara kitso ake gaya wa haka, ana kwana shida a buɗe kamun dodon koɗin teku, sana'armu ta matan ƙauye.

Asabar, 28 ga Satumba, da yamma

Na dawo ƙauye. Gidana ƙazanta ne, ba wanda ya taɓa gaya mini. Yanar gizo a kan hoton mijina, tabon miya a labule. Maƙwabta sun yi ta shiga suna fita suna kallo, bakinsu alaikum.

Yaya Boksil ta kawo mini fate mai zafi a tukunya. Ita ce abokiyar ruwana tun ina amarya a garin nan. In ta sauka ƙasa ni ke sama riƙe da goran da muke hutawa a kansa a saman ruwa, ina kallon bayanta, in na sauka ita ke kallon nawa. Ko mijina bai san numfashina kamar yadda ta san shi ba. Ta girme ni da shekara tara, kuma ba ta taɓa barin in manta ba.

Yau na gan ta da kyau, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba. Ta rame, wuya kamar na kaza. Komai na duniya ya koma fari tun ranar Laraba, amma ita tana nan rawaya, har cikin ƙwayar idonta. Na gaya mata. Ta ce, “Idon naki sabo ne, bai san manya ba tukuna. Ci abincinki.”

Na ci. Gishiri ya yi yawa, wannan ma ba halinta ba ne.

Talata, 1 ga Oktoba, da azahar

An buɗe ruwa. Na sa malafa da baƙin tabarau na je na zauna a kan dutse kamar 'yar yawon buɗe ido.

Kafin su shiga aka yi ta. Ogim, shugabar ƙungiyarmu ta masu nutso, ta ce tunda Boksil ba ta da abokiya bana, ta tsaya a tekun tsofaffi, nan gefen duwatsu inda ruwa bai wuce kai ba. Boksil tana goge madubin da take sa wa fuska in za ta yi nutso da tazargade don kada ya yi hazo, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce ranar da aka haifi Ogim tana can ƙasan teku, da ta fito ne aka ce mata an sami mace mai ƙaton baki. Mata suka kwashe da dariya. Ogim ta haɗiye, ta ce to ta bi Maman Mira da abokiyarta ta zama ta uku. Ta uku a ruwa kuwa kowa ya sani, ba mai kallonta. Kowacce tana da wadda take gadi.

Don haka ni na gade ta daga kan dutse. Ban taɓa sanin ana iya gani da nisa haka ba. Goranta mai facin shuɗi, ƙafafunta in ta juya za ta sauka, duk ina gani tar. Sun fito da ragarsu cike, suna fito suna ihu, ni kuwa hannuna a bushe. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na ji haushin kowacce.

Juma'a, 4 ga Oktoba, da yamma

Asibiti. Mota biyu zuwa, mota biyu dawowa. Malama Seo, ma'aikaciyar da ke kula da 'yan bincike, ta yi mini tambayoyinta na kullum, sannan aka sa haɓata a kan na'ura aka haska. Likita Mun ya kira ɗalibai su zo su gani. Wai a cikin masu irin ciwona bai taɓa ganin idon da ya kwanta haka bayan aiki ba. Suka yi layi suna leƙa ni ɗaya bayan ɗaya, suna cewa kai, kai. Ba wanda ya tambayi sunana, amma idona ya sha yabo.

Na karanta allon har layin kusa da ƙarshe. A hanya na karanta sunan kowane shago, har direba ya waiwayo. Gaskiya na ji daɗi. Bari in rubuta wannan, don ban cika samun abin rubutawa irinsa ba.

Litinin, 7 ga Oktoba, da la'asar

Boksil tana daɗewa a ƙasa fiye da da, kuma in ta taso, fiton da muke yi in muna sakin numfashi, nata ba ya kawowa bakin dutse. Na gaya wa Ogim, ta ce za ta duba. Kowa zai duba.

Laraba, 9 ga Oktoba, da la'asar

Na wanke kaina da ruwan famfo har fatar ta yi zafi. Na ɗiga magani, na sake ɗigawa. Kayana suna kan igiya. Malafar ta tafi a teku, tabarau ya tafi, takalmi ƙafa ɗaya.

Ban san ramammiyar tsohuwa tana da nauyi haka ba.

Ba zan rubuta komai ba yau.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da azahar

Mutane sun cika mini gida. Wannan ta kawo lemo, waccan ta kawo dankali, kowa da bakinsa. Wai jaruma. Wai da ba don sabon idona ba, da Boksil ta tafi a ruwa. Na ce kaina yana ciwo su tafi, kuma ba ƙarya na yi ba.

An sallamo Boksil daga ƙaramin asibiti tun safe. Motar ta wuce ta ƙofata, na gan ta a baya, ta juya fuska wajen gonar lemo.

Ciwon kan irin namu ne, ta gefen dama, bayan goshi. Duk wadda ta yi nutso ta san shi kamar yadda ta san yunwa. Na sha hodar da muke sha kafin mu shiga ruwa, ya kwanta.

Juma'a, 11 ga Oktoba, da hantsi

Malama Seo ta kira, kiran mako. Ta ce idon ya yi ja? Na duba madubi, fari tas, na gaya mata. Ta ce yana ciwo? Na ce ido ba ya ciwo. Kai ne ke ciwo, ita kuwa ba kai ta tambaya ba. Ta ce ruwa ya taɓa shi? Na ce a'a.

Ta ce madalla, ni ce abin alfaharinsu.

In na ce e, kafin rana ta faɗi Yongho ya ji. In ya ji, zai zo ya kwashe ni zuwa birnin Incheon, gidan bene hawa na goma sha wani abu, in zauna ina gadin tukwanen furen matarsa. Ido fari ne. Fari ne, na duba.

Asabar, 12 ga Oktoba, da yamma

Ƙungiya ta zauna ba ni. Sun yanke cewa Boksil ta gama shiga ruwa, ko na tsofaffin ma. Sun karɓi rigar robarta da goranta da ɗamarar dalmarta sun kulle a ɗakin ajiya. Ogim ta zo ta gaya mini da kanta, tana jiran in ce ta kyauta. Tana shirin fita ta tsaya ta ce ɗamarar ta ba ta mamaki, sai da ta sa hannu biyu ta ɗaga. Na ce tsofaffi suna ƙara dalma saboda ƙarfinsu na sauka ya ragu. Ta ce haka ne. Muka bar maganar a nan.

Na fita ƙofa da na ji sandar Boksil. Na ce, “Yaya, ya jikin?” Ta wuce kamar kare ne ya yi haushi.

Wai alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wanda ya fara faɗar haka bai zauna a ƙauyenmu ba.

Hoda biyu yau.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da safe

Na goge gilashin taga, na sake gogewa. Ba tagar ba ce.

Lahadi, da la'asar

Wasu baƙaƙen abubuwa suna yawo a gabana kamar ƙananan kifaye. Yau ba a ganin likita sai a ɗakin gaggawa, ɗakin gaggawa kuwa sai sun kira dangi. Gobe Litinin. Hoda ba ta aiki.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da rana, a gadon asibiti

Ina rubutu da babban alƙalamin da ake sa wa akwatunan lemo suna, yatsana yana bin gefen takarda. Ko layi yana hawa kan layi, ban sani ba.

Ranar Litinin direban mota ne ya riƙe hannuna ya sauke ni. Likita Mun ya haska idon. Bai kira ɗalibai ba. Ya ce tun yaushe, na ce tun Alhamis. Ya ce Alhamis, a hankali, kamar yana ɗanɗana kalmar. Ƙwayar cuta ce ta shiga ta bakin yankan, ido ya cika da mugunya. A ranar suka yi mini allura a cikinsa, washegari suka sake shiga da ni ɗakin aiki.

Yongho ya iso da jirgin yamma. Ogim ta riga ta gaya masa komai a waya, ban yi mamaki ba, an faɗi girman bakinta tun ranar haihuwa. Ya tsaya a kaina, ina jin ƙamshin sabulun matarsa.

“Mama, da kayan jikinki kika faɗa teku. Ba madubi, ba komai, ido a buɗe. Da yankan da bai warke ba. Mata ashirin a cikin ruwa, sai ke mai ido ɗaya?”

Na ce mata ashirin ɗin kowacce ƙasa take kallo.

“To ki yi ihu mana!”

Na yi ihun. Duk kunnuwansu a toshe da danƙo, ga iska. Amma ban gaya masa ba, na gaji. Ya ce me ya sa na ɓoye wa Malama Seo. Na ce ya miƙo mini ruwa. Sai na ji yana kuka, ƙato da shi, yana jan hanci yadda yake yi tun yana ɗan firamare. Wannan ya fi allurar zafi.

Asabar, 19 ga Oktoba, da hantsi

Sun buɗe sirrin cacar, don su san abin da ke cikin idon. Ina cikin waɗanda aka sa wa ƙwayar.

Likita Mun ya jawo kujera ya zauna, bai yi tsaye kamar sauran ba. Ya ce aikin ƙwayar shi ne ta hana ido ja da kumburi, kuma ta yi aikinta. Mai yiwuwa shi ya sa idon ya zauna fari alhali wuta na ci a ciki. Mai yiwuwa kuma ko ba ita haka za a yi. Ya ce ba zai gaya mini abin da bai sani ba. Na ce to ni na sani, hodar ciwon kai ta rufe wa ciwon baki na farko, ƙwayarsa ta rufe na biyu, ni kuma na rufe na ukun. Ya ce da ya san masu nutso suna shan wannan hoda kamar shayi, da ya sa an riƙa tambayarmu ciwon kai. Ya ce daga yanzu za a riƙa tambaya.

Madalla. Ta gaba za ta amfana. Ina ƙoƙarin in yi mata murna, ko wace ce, abin ya ƙi.

Talata, 22 ga Oktoba, da yamma

An cire bandeji. Likita Mun ya ce yatsu nawa. Na ce ina hannun yake.

Ina sanin taga daga bango. In mutum ya gifta, ina sanin wani abu ya gifta. Sun ce a ba shi lokaci, amma da muryar da ake gaya wa mai takaba ta ci abinci.

Malama Seo ta zo da yamma da kwalin ruwan lemo. Yarinyar kirki ce. Ta ce ta yi ta tunanin kiran ranar Juma'a. Na ce ta daina, tambaya ta yi aka ba ta amsa. Na tambaye ta ko in sun rubuta sakamakon binciken za su sa ni. Ta ce dole, doka ce. Na ce me za a ce. Ta ce za a rubuta cewa mutum ɗaya ya sami cuta a ido bayan haɗuwa da ruwan teku.

Mutum ɗaya. Haɗuwa. Sai ka ce a kasuwa muka yi kiciɓis muka gaisa.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da azahar

Gida. Yongho ya ɗaura igiya daga ɗaki zuwa banɗaki, daga banɗaki zuwa madafa, ina bi kamar akuya. Ya koma aiki, ya ce ƙarshen wata mai zuwa zai zo ya tafi da ni. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ba tambayata ya yi ba.

An ce mai ido ɗaya ba ya godiya sai ya ga makaho. Ni ban gode ba, kuma ga shi ba zan ma ga makahon ba.

Kowa ya zo. Ogim ta zo, Maman Mira ta zo, har mai sayen dodon koɗin da ke cutarmu a awo ya zo da kwalin madara. Tsakanin ƙofata da ta Boksil gida huɗu ne. Ina jin sandarta da safe in za ta gona.

Laraba, 30 ga Oktoba, da safe

Ba ta zo ba.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da la'asar

Ta zo.

Ban ji sallama ba, sandar kawai, sai tabarma ta motsa kusa da ni. Warinta ya canza, wani wari mai zaƙi-zaƙi na marasa lafiya. Na rantse ba ni zan fara magana ba, kuma ban fara ba.

“Wa ya aike ki, Chunja?”

Wannan ce gaisuwarta. Na ce shekara arba'in da ɗoriya ina kallon bayanta, ba ta taɓa cewa in daina ba.

Ta ce tun bazara likita a birni ya ga abu a cikinta, a wurin da wuƙa ba ta kaiwa. Ya ce ba za ta wuce lokacin sanyi ba. Ba ta gaya wa kowa ba, ko 'yarta. Ta ga yadda mijinta ya ƙare a gadon asibiti, ana juya shi ana share shi yana kiran uwarsa, ta ce ita ba haka ba.

“Ba suma na yi ba. Sauka na yi, ba da niyyar tasowa ba. Na jira lokacin da ba kya cikin ruwa, don kada a ce abokiyata ta yi sakaci. Na ce wannan makauniyar tana kan dutse, me za ta hango? Ashe sun sa miki idon shaho.”

Na ce yanzu ai sun karɓe abinsu.

Ta ce ta ji. Shi ya sa ta kasa zuwa.

Na so in zage ta. Na tara zagi tun daga asibiti, na jera shi kamar itacen girki. Na ce mata da ta buɗe baki ta gaya mini tun farko, da yanzu ina ganin fuskar da nake zagi. Ta ce da ta gaya mini, da na bar ta? Na juya fuska wajen bango. Ta ce to kin gani. Na ce ban gani ba, kuma kada ta sake ce mini haka. Sai muka yi dariya, mu biyu, wata mummunar dariya har ta shaƙe.

Ta ɓare lemo ta sa mini a hannu ɓari-ɓari. Hannunta ƙashi ne zalla.

Da za ta tashi ta dafa kafaɗata, kamar yadda take yi kafin ta juya ta sauka. Ta ce sun kulle rigar roba, amma tsofaffin kayanta na auduga, na zamanin da muka fara, suna cikin akwati, kuma duwatsun bakin teku ba su da makulli. Ta ce masu hasashe sun ce gobe ba iska. Ta bayan tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa za ta bi, kafin mata su taru.

Na ce ko na rarrafa na je bakin ruwan, ba abin da zan gani.

“Na sani,” in ji ta. “Shi ya sa wannan karon na zo na gaya miki da baki. Ke ce abokiyar ruwana. Ba na shiga ba ki sani ba.”

Ta tura mini waya kusa da gwiwata, har ta ɗora hannuna a kai don in san inda take. Ta ce lambar Ogim ita ce maɓalli na biyu, ta duba. Sannan ta fita, ta jawo ƙofar a hankali.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da hantsi

Ba iska. Sandar ta wuce ta ƙofata, ta ɗan tsaya, ta ci gaba.

Wayar tana ƙarƙashin hannuna tun safe. Ban kira kowa ba.